Yadda Ake Noman Wiwin Masana'antu a Ƙasar da Ƙarafa Masu Guba Suka Gurɓata

Idan man inji ya malale a gona, ƙananan halittun cikin ƙasa za su yi ta cinsa har ya ragu. Dalma da kadmiyom da nikel da zaiba ba haka suke ba. Ba sa ruɓewa, ba sa ƙonewa su ɓace, sai dai su tashi daga wani wuri su koma wani. Shi ya sa filayen da ke kewaye da mahaƙar ma'adinai, da masana'antar narka ƙarfe, da majema, da wuraren fasa tsofaffin batura, suke shafe shekaru aru-aru ba su da amfani, ko kuma a ci gaba da noma abinci a kansu mutane suna cin guba ba su sani ba.

Cikin tsirran da ake gwadawa a irin wannan ƙasa akwai wiwin masana'antu. Jinsinsa ɗaya da tabar wiwi, wato Cannabis sativa, amma irin da aka tace ne har sinadarin THC mai bugarwa ya zama ɗan kaɗan ƙwarai, ana nomansa ne don zarensa da karansa. Yana girma da sauri, cikin wata uku zuwa huɗu ya kai mita biyu zuwa huɗu, saiwarsa tana nutsewa, kuma yana jure ƙarfen da zai kassara tsirrai da yawa. An gwada shi kusa da Chernobyl na Yukren, inda tashar nukiliya ta fashe, a ƙarshen shekarun 1990, an kuma shuka shi a gefen birnin Taranto na Italiya inda hayaƙin masana'antar ƙarfe ya lalata gonaki. Daga waɗannan labarai ne sunansa ya yaɗu a matsayin tsiron da ke "wanke ƙasa". Sunan ya fi aikin girma, kuma wanda zai shiga harkar gara ya san haka tun daga farko.

Kafin komai, doka

Kada ka sayi ko ƙwaya ɗaya ta iri sai ka san matsayin dokar ƙasarka. Amurka ta halatta nomansa a dokar noma ta 2018, da sharaɗin THC bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyi ba. Tarayyar Turai ta daɗe a kan 0.2, ta ɗaga zuwa 0.3 daga 2023, kuma sai irin da ke cikin rajistarta. A ƙasashe da dama kuwa doka ba ta bambanta wannan da tabar wiwi ko kaɗan, shuka shi laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma hujjar "ina gyaran ƙasa ne" ba za ta fisshe shi ba. Inda abin yake haka, sai dai a bi ta hannun jami'a ko cibiyar bincike mai izini na musamman, ko a nemi wani tsiron mai zare da doka ba ta hana ba. Mafi yawan matakan da ke tafe za su yi aiki a kansa shi ma.

Inda aka halatta, yawanci ana buƙatar lasisi, da taswirar gonar, da takardar shaidar iri. Haɗa da sanar da hukumar kula da muhalli, domin abin da za ka girbe yana iya shiga sahun shara mai haɗari.

Mataki na 1: Gano abin da ke cikin ƙasar

Nan ne ya kamata kuɗinka da haƙurinka su fi tafiya. Fara da tarihin filin. Me aka taɓa yi a nan? Majema tana barin kromiyom, batura suna barin dalma, narka tutiya yana barin kadmiyom, haƙar zinare sau da yawa zaiba da asenik da dalma. Ban ruwa da ruwan kwatar masana'antu yana barin ɗan kowanne. Sanin tarihin shi zai gaya maka abin da za ka ce a nema a ɗakin gwaje-gwaje.

Gurɓata ba ta shimfiɗuwa daidai a fili. Kusurwa ɗaya tana iya ninka ɗaya kusurwar sau goma. Don haka raba filin kashi-kashi bisa gangara, launin ƙasa, da kusanci da inda gubar ta fito. A kowane kashi, ɗebi ƙasa daga wurare 15 zuwa 20, ka gauraya su su zama samfur ɗaya. Yi haka a zurfi biyu: daga sama zuwa santimita 20, sannan daga 20 zuwa 40 ko 60. Na ƙasan zai nuna maka ko gubar tana sauka wajen ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Yi amfani da kayan roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Shebur ko bokitin da aka shafa wa tutiya zai zuba tutiyarsa a cikin samfurin ya ɓata sakamakon. Shanya ƙasar a inuwa, ka tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2, ka zuba a leda mai tsabta ka rubuta lamba. Yi wa kowane wuri alama da GPS, domin bayan shekara biyu ko uku nan za ka dawo ka sake ɗiba, ba wani waje kusa da shi ba.

Ka nemi gwaji iri biyu. Na farko jimillar ƙarfen da ke cikin ƙasar. Na biyu, wanda mutane ke yawan mantawa, shi ne kason da saiwa za ta iya sha, ana fitar da shi da sinadarai irin su DTPA. Ƙasa biyu suna iya zama da jimilla ɗaya, amma a ɗaya ƙarfen ya manne da yumɓu ba ya motsi, a ɗayar yana yawo cikin ruwa. Haɗa da ma'aunin pH (mai nuna tsamin ƙasa, lamba na sauka tsami na ƙaruwa), yawan taki na halitta, da yanayin ƙasar, ko jigawa ce ko laka. Idan akwai mai na'urar XRF ta hannu, wadda ake ɗora wa ƙasa ta auna ƙarfen da ke ciki, tana da amfani wajen gano wuraren da suka fi muni a nan take, amma ba ta maye gurbin ɗakin gwaji, musamman ga kadmiyom da ɗan kaɗansa ma illa ne.

Da me za ka kwatanta sakamakon? Da ƙa'idar ƙasarka idan akwai. Don samun abin aunawa, dokar Turai ta 1986 kan zuba dagwalon masai a gonaki ta sa iyakar kadmiyom a miligiram 1 zuwa 3 a kowane kilo na busasshiyar ƙasa, dalma 50 zuwa 300, nikel 30 zuwa 75, jan ƙarfe 50 zuwa 140, tutiya 150 zuwa 300, zaiba 1 zuwa 1.5.

Mataki na 2: Yi lissafi, sannan ka zaɓi manufa

Ga lissafin da kowa ya kamata ya yi kafin ya ɗora buri. Hekta ɗaya, zurfin santimita 20, ƙasa ce mai nauyin kusan tan 2,600. Idan akwai kadmiyom miligiram 5 a kowane kilo, to kilo 13 ke nan kwance a gonar. Wani bincike da aka yi a Jamus aka buga a 2002 ya ƙiyasta cewa wiwin masana'antu yana cire kusan giram 126 na kadmiyom daga hekta ɗaya a kaka ɗaya. Idan kana son sauko da ƙasar daga miligiram 5 zuwa 3, sai ka cire kilo 5.2, wato kaka arba'in da wani abu. Wannan ma idan tsiron ya ci gaba da sha daidai kowace shekara, alhali kason da ke saurin narkewa shi ke fara ƙarewa. Ga dalma kuwa lissafin ya fi haka muni, domin da ƙyar take barin saiwa ta hau kara.

Akwai tsirran da suka fi shi shan ƙarfe nesa ba kusa ba. Noccaea caerulescens yana tara kadmiyom da tutiya, Alyssum murale yana tara nikel har ana nomansa a Albaniya don a fitar da nikel ɗin daga tokarsa, Pteris vittata kuma asenik. Matsalar yawancinsu ƙanana ne, masu jinkirin girma, kuma babu mai sayensu. Wiwi bai kai su tarawa ba, amma yana ba da kara tan 8 zuwa 12 ko fiye a hekta idan ƙasa ta yi kyau, kuma karan yana da kasuwa.

To manufa biyu ce a gabanka. Ta farko cirewa: ka bar ƙarfen ya hau tsiron ka kwashe shi daga gonar. Wannan yana da ma'ana ne kawai inda gurɓatar ba ta yi nisa da iyaka ba, kuma ƙarfen kadmiyom ne ko tutiya ko nikel. Ta biyu daskarewa: ka ɗaure ƙarfen a inda yake, ganye ya rufe ƙasa, iska ta daina kwasar ƙura, ruwan sama ya daina wanke laka zuwa rafi, filin kuma ya fita daga noman abinci yana kawo ɗan kuɗi. A ganina mafi yawan filaye wannan ta biyun ce ta dace da su, kuma ba ƙaramar nasara ba ce. Ƙurar dalma da yaro ke shaƙa ko haɗiyewa ta fi komai saurin cutarwa a irin waɗannan wurare.

Idan gwaji ya nuna wani ɓangare da gubar ta kai dubban miligiram a kowane kilo, ko wurin da ko ciyawa ba ta fitowa, wannan ba aikin tsiro ba ne. A kwashe ƙasar wurin, ko a rufe ta da sabuwa.

Mataki na 3: Kare mutane da dabbobi

Kewaye filin da shinge, dabba kada ta shiga. Yara da mata masu juna biyu ba su da aiki a wurin. Ma'aikata su sa takunkumi mai tace ƙura, safar hannu da takalmin roba, kuma kayan aikin su tsaya a gona, kada a kai su gida a wanke tare da na iyali. Ba ci, ba sha, ba shan taba a cikin fili. Inda dalma ce matsalar, a auna jinin ma'aikata kafin a fara da kuma bayan kaka. A gwada ruwan rijiyoyin da ke kusa tun kafin a taɓa ƙasa, don gobe a san me ya canja.

Mataki na 4: Zaɓen iri da ɗan gwaji

Nau'in zare kake nema, mai tsawo da yawan kara, ba na ƙwaya ko na fure ba. Sanannu a Turai sun haɗa da Futura 75 da Felina 32 na Faransa, USO 31 na Yukren, da Carmagnola na Italiya. Amma ka kula da abu ɗaya: tsawon yini ne ke sa wannan tsiro fure. Da yini ya gajarta ƙasa da kimanin awa 14, yawancin nau'o'in Turai sai su daina tsawo su fara fure. Kai su yankin da yini ba ya wuce awa 12 ko 13, za su yi fure tun suna ƙanana, ka tashi da kara kaɗan. A irin waɗannan yankuna sai nau'in da aka samar don su, kamar waɗanda ake nomawa a lardin Yunnan na kudancin Sin.

Kada ka shuka dukan filin a shekarar farko. Cika tukwane da ƙasar kowane kashi, ka shuka nau'i biyu ko uku, ka duba tsirowa da launin ganye na mako huɗu zuwa shida. Ko ka yanki ƙananan wurare a cikin filin ka yi gwajin a nan. Ganyen da ya yi rawaya, saiwar da ta gajarce ta yi baƙi, alamu ne cewa ƙasar ta fi ƙarfinsa sai an gyara ta.

Mataki na 5: Gyaran ƙasa

Wiwi yana son ƙasa mai zurfi, mai sakin ruwa, da pH tsakanin 6 da 7.5. Ba ya jure kwanciyar ruwa ko ƙasar da ta dandanƙare, kuma filayen masana'antu da yawa manyan motoci sun daɗe suna takawa, sai an farfasa su da zurfi. Yi huɗa lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi don kada ƙura ta tashi.

Abin da za ka zuba ya dogara da manufarka, kuma a nan ne ake yawan tufka da warwara. Ƙasa mai tsami tana sakin kadmiyom da tutiya da nikel. Idan daskarewa kake so, zuba farar ƙasa ta noma ka kai pH wajen 6.5 zuwa 7, ka ƙara da takin da ya ruɓe sosai ko garin gawayi, duk suna riƙe ƙarfe. Fosfet yana ɗaure dalma ya mayar da ita ma'adinin da ba ya narkewa cikin sauƙi. Idan cirewa kake so, bar pH wajen 6, kada ka cika farar ƙasa, in ba haka ba ka kulle abin da kake son fitarwa.

Asenik shi ne ɗan tawaye. Ɗaga pH da zuba fosfet, waɗanda ke kwantar da dalma, shi tayar da shi suke yi ya shiga ruwa. Filin da ke da dalma da asenik tare yana buƙatar ƙwararren masanin ƙasa, ba ƙiyasi ba.

Za ka ji ana maganar EDTA, sinadarin da ke narkar da ƙarfe tsiro ya sha da yawa. A tukunya yana ba da alkaluma masu burgewa. A fili kuwa yana narkar da fiye da abin da saiwa za ta iya kamawa, ragowar ya bi ruwan sama zuwa rijiyoyi, shi kansa kuma ba ya saurin ruɓewa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Bar shi.

Wajen takin zamani, nitrojin kilo 80 zuwa 120 a hekta ya wadatar ga nau'in zare, sauran kuma bisa sakamakon gwaji. Ka sani wasu takin fosfet suna zuwa da nasu kadmiyom ɗin daga dutsen da aka haƙo su, kuma kulorayid da ke cikin wasu takin yana ƙara wa tsiro shan kadmiyom. Karanta buhu.

Mataki na 6: Shuka da kulawa

Wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙi. Shuka idan zafin ƙasa ya kai digiri 8 zuwa 10 ko sama kuma akwai danshi. Iri kilo 40 zuwa 60 a hekta, zurfin santimita 2 zuwa 3, tazarar layi santimita 10 zuwa 20. A ƙasa mai guba ƙara ɗan iri, domin wasu ba za su tsira ba. Shuka mai cunkoso tana ba da siraran kara masu tsawo, tana rufe ƙasa da wuri, bayan mako huɗu zuwa shida ciyawa ba ta da katabus. Tsuntsaye suna son ƙwayar, a kula da su a kwanakin farko.

Yana buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 700 a kaka, mafi muhimmanci a makonni shida na farko. Idan ban ruwa kake yi, ba shi kaɗan-kaɗan, kada ya yi ambaliya ya tsiyaye ƙasa da gubar, kuma ruwan ya zama mai tsabta. Haƙa ɗan rami ko yi kunya a gefen gangara don tare laka.

Mataki na 7: Girbi

A nan gizo ke saƙar. Duk ƙarfen da tsiron ya sha yana cikin jikinsa, kuma abin da ka yi da jikin nan shi ne aikin gaba ɗaya. Rabon ba daidai yake ba: yawanci saiwa ce ta fi tarawa, a sama kuma ganye ya fi kara, zare da totuwa suna da kaɗan.

Yanke shi a farkon fure, kafin ƙwaya ta nuna. Dalilai uku ne. Zare ya fi kyau a lokacin, ganyen ƙasa bai gama zubewa ba, kuma babu ƙwayar da tsuntsu ko mutum zai ci. Jinkiri yana kuma iya ɗaga THC ya haura iyakar doka. A Amurka dole a ɗauki samfurin gwajin THC cikin kwana 30 kafin girbi.

A noman zare na yau da kullum ana barin karan a kwance a gona mako biyu zuwa biyar, raɓa da ƙananan halittu su ruɓar da danƙon da ke riƙe zare, ganye kuma ya koma ƙasa ya zama taki. A ƙasa mai tsabta wannan alheri ne. A taka gonar, mayar da gubar ne inda ka ɗauko ta, kuma a sama-sama, inda iska ke ɗiba. Idan cirewa ce manufarka, kwashe tsiron da ganyensa zuwa kan tamfol ko daɓen siminti, ka tara ganyen daban. Idan ka jiƙa karan a ruwa, ruwan ya zama gurɓatacce, ba a zuba shi a rafi ko gona. Saiwa kuma zaɓi ne: mai cirewa ya tumɓuke ta gwargwadon iko, ko da yake aiki ne mai wahala da tayar da ƙura, mai daskarewa ya bar ta a ƙasa.

Kafin ka motsa kaya, ɗauki samfurin saiwa, kara da ganye daban-daban daga kowane kashi. Wanke su sosai da ruwa mai tsabta, domin ƙurar da ta manne a ganye tana sa sakamakon ya nuna kamar tsiron ya sha fiye da gaskiya. Auna busasshen nauyin girbin, ka ninka da yawan ƙarfen. Tan 10 mai ɗauke da miligiram 10 a kilo, giram 100 ka cire.

Mataki na 8: Ina za a kai abin da aka girbe?

Abin da ba a yi da shi: ba a cin ƙwayarsa, ba a tatsar mansa, ba a fitar da CBD, sinadarin da ake sa wa a magunguna, daga furensa, ba a ba dabba, ba a shimfiɗa wa dabba, ba a yin taki da shi. Ba a kuma cinna masa wuta a fili, domin zaiba da kadmiyom suna bin hayaƙi, saura kuma su taru a toka mai tashi.

Kara shi ne mai amfani. Binciken Jamus ɗin nan ya nuna ƙarfin zaren da laushinsa ba su lalace ba, sai dai ƙarfe yana cikinsa. Don haka a karkata shi ga kayan da ke kulle shi: totuwar da ake cuɗawa da farar ƙasa a yi bulon gini, allunan da ake haɗawa da roba, kayan cikin mota, abin hana zafi a bango. Tufafin da ke taɓa fata sai idan gwaji ya nuna zaren ya cika ƙa'idar masaƙa. Gaya wa mai saye gaskiyar inda kayan suka fito, ka ba shi takardar gwaji.

Ganye da saiwa, da karan da ƙarfensa ya yi yawa, a kai su masana'antar ƙonawa mai matatar hayaƙi. Ƙonawa tana rage girman kayan ƙwarai, amma tokar ta fi asalin tsiron guba sau da yawa, wurinta ma'ajiyar shara mai haɗari. Nemi wanda zai karɓi waɗannan kaya ka yi yarjejeniya da shi tun kafin shuka. Tarin ganye mai kadmiyom da aka bari a gefen gona yana jiran mai ɗauka, damina ɗaya ta isa ta mayar da shi cikin ƙasa.

Mataki na 9: Sake aunawa

Tsakanin kaka da kaka kada ka bar ƙasa tsirara, shuka ciyawar rufi da ba za a ba dabba ba. Ana iya maimaita wiwi a fili ɗaya na wasu shekaru, amma juya shi da wani tsiron da ba na ci ba yana rage cututtuka. Auna tsiro kowace shekara, ƙasa kuma duk bayan shekara biyu ko uku, a wuraren da ka yi wa alama, a zurfi ɗaya, a ɗakin gwaji ɗaya. Canjin shekara guda ya yi ƙanƙanta, bambancin da ke tsakanin samfur da samfur zai rufe shi. Abin da zai fara motsawa shi ne kason da saiwa ke iya sha, jimillar kuwa a hankali take sauka. Idan samfurin ƙasa-ƙasa ko ruwan rijiya ya nuna ƙarfe yana ƙaruwa, dakatar da duk abin da ke ƙara tsami, ka zuba farar ƙasa in ba asenik ba ne, ka rage ban ruwa. Ko da alkaluma sun sauka ƙasa da iyaka, ba a mayar da filin ga noman abinci sai an shuka ɗan gwaji na amfanin da ake nufi, musamman ganyaye da masu saiwa, an auna abin da ke cikinsu, hukuma kuma ta sa hannu.